Buhun Makadamiya da Katakon Tsoho

"...lafiya lau, sai godiya. To ke kuma waccan da ke laɓe a bayan uwarta, ba a gaida miji ne a gidanku?"

Babana ke magana, yana zaune kan benci a bakin shagonsa, ya miƙe ƙafar da ke masa ciwon gwiwa a kan wani guntun katako. Wadda yake cewa ta laɓe a bayana 'yata ce, jikarsa, wadda ya laƙaba wa suna Ƙonau tun ranar da ta ƙona kek ɗinta na farko tana 'yar shekara goma sha biyu. Yanzu ta haura ashirin da huɗu. Ta gama karatu, aiki ya ƙi samuwa, sai ta kama yin kek da biskit a kicin ɗina tana sayarwa. Shi kuwa shekara hamsin ya yi yana kafinta, har bara da likita ya ce ya ajiye guduma. Shagon yana jikin gidansa, kullum sai ya buɗe ya zauna yana kallon titi.

"Wane miji?" in ji ta. "Ai na sake ka tun wancan watan, takardar ce ba ta iso ba."

"Mace ke sakin miji? A ina aka koya miki?"

"A gidan da mijin bai taɓa kawo cefane ba."

"In kawo cefane ki ƙona? Kuɗina ba na banza ba ne. Matso in ga fuskarki. Me ya same ki kika yi zuru-zuru haka kamar kazar da ruwa ya doka?"

Ta zauna gefensa ta sauke numfashi.

"Tsoho, yau ba wasa ya kawo ni ba. Ka san sabon gidan kofin nan na kusa da babban asibiti? Mai wurin ta ɗanɗana biskit ɗina ya yi mata. Ta ce in kawo guda ɗari biyu ranar Alhamis. In masu shan kofinta sun so, ni zan riƙa kai musu duk mako."

"To ai abin murna ne. Ko tausayin masu shan kofin kike ji?"

"Ta ce dole sai mai makadamiya."

"Maka me?"

"Makadamiya."

"Ba ita ce makarantar da kika gama ta ƙi ba ki aiki ba?"

"Gyaɗa ce, Tsoho! Wata irin gyaɗa ce ta bishiya, fara, zagayayya kamar ƙwan tsuntsu, ga maiƙo ga garɗi. Manyan kantuna huɗu muka shiga ni da Mama yau. 'Yar ledar da ba ta cika tafin hannunka ba, kuɗinta ya kai na fulawar da nake aiki da ita mako guda. In na saya a haka, biskit ɗin kyauta zan yi musu, har in bi su da ciko."

"Ki sa musu gyaɗar mutane mana. Wa zai gane? Mai shan kofi harshensa ya riga ya mutu da ɗaci."

"Ni ba maha'inciya ba ce kamar wani kafinta da na sani."

"Wane kafinta? Faɗi sunansa in kai shi ƙara!"

Ni ce na sa baki na gaya masa sauran, don na san ita ba za ta faɗa ba. Babanta ya ce in wannan bai yiwu ba ta rufe harkar toye-toye, ta je ta zauna a ofishin ƙaninsa tana ɗaga waya. Baba ya kalli hannayenta, duk tabon ƙunar faranti. Sai ya jawo sandarsa.

"Ɗaga ni. Matata ba za ta ɗaga wayar kowa ba, tawa ma ba ta ɗagawa. Ku da kuka je kantin da ake sa wa kaya fanka da fitila, ai kuɗin fitilar kuke biya. Ke," ya dube ni, "tayar da motar nan taki mai tari."

A mota ya zauna gaba, ya maida sandarsa abin nuna hanya. Muka bar manyan tituna, muka bi ta bayan tashar manyan motoci, muka shiga wani layi da ban taɓa sanin yana garin ba. Sito ne jere da sito, ana ta sauke buhuna da kwalaye.

"Nan za ka kawo ni?" in ji Ƙonau daga baya. "Wasu mazan wurin shan iska suke kai matansu."

"Wasu matan ba sa warin hayaƙi. Duk layin nan, kantocin da kike gani a jikin bango ni na buga su. Uwarki da kuɗin kantar nan ta yi makaranta."

"Shi ya sa duk suka karkace."

"Idonki ne a karkace. Tsaya nan, ƙofa mai shuɗin fenti."

Sito ne dogo mai ɗan duhu, ƙamshin busassun 'ya'yan itace da kayan ƙamshi ya cika shi. Mai siton, wani magidanci mai tabarau, yana ganin Baba ya taso da sauri ya rusuna.

"Baba Kafinta! Ashe kana nan? Marigayi babanmu har ya rasu yana zancenka."

"Allah ya jiƙansa, mutumin kirki ne." Baba ya kai sandarsa ya ƙwanƙwasa wata kanta da aka jibga wa kwalaye har rufi. "Shekara talatin da biyar. Ta taɓa motsi?"

"Ko kusa ɗaya ba mu ƙara mata ba."

"Ki ji da kunnenki, Ƙonau. Ke kuwa kek ɗinki kwana biyu ba ya kaiwa."

"Saboda cinyewa ake yi. Kantarka wa zai ci?"

Mai sito ya yi dariya har ya cire tabarau. Da aka faɗa masa abin da muke nema, ya fito da iri biyu: ɓararriya lafiyayya a leda mai kauri, da kuma gutsattsari, wato waɗanda suka farfashe wurin ɓara. Lafiyayyar ta fi ta kanti sauƙi, amma har yanzu ta fi ƙarfin Ƙonau. Gutsattsarin kuwa rabin kuɗin.

"Shi ke nan, an gama," in ji Baba. "Ba daddatsa ta za ki yi ki zuba a kwaɓi ba? Ga wadda aka daddatsa miki kyauta. Kin ga amfanin auren mai ƙwaƙwalwa?"

Ƙonau ta matsa wurin gutsattsarin. Ta roƙi mai sito ya buɗe ledar, ta ɗebi kaɗan ta murza a tafin hannu, ta kai hanci ta lumshe ido. Ta ɗauki ɗaya ta tauna a hankali.

"Malam, yi haƙuri, wannan ta kwana biyu. Man da ke cikinta ya fara juyawa."

Baba ya karɓa ya shinshina. "Ni ban ji komai ba."

"Hancin da ya sha ƙurar katako shekara hamsin me zai ji? Yanzu kaɗan ne, amma tana shiga wuta ɗacin zai fito. Mutum ya ci ɗaya ba zai ƙara ba."

Mai sito ya duba kwanan watan da ke jikin kwalin, ya sosa ƙeya.

"Gaskiyarta, Baba. Fasasshiya ba ta jimawa kamar lafiyayya. Ni kaina ban lura ba. Zan janye ta daga kanta."

Baba ya dubi jikarsa sama da ƙasa. "Ashe hancin nan ba don ado aka yi shi da girma haka ba."

"Gadonka ne."

"Nawa dogo ne, naki faɗi ya yi."

Duk da barkwancin, na ga jikinta ya yi sanyi. Ta fara gyara jakarta alamar mu tafi. Baba kuwa idonsa na can ƙuryar sito, inda wasu buhuna biyu ke jingine.

"Waɗancan fa? Duwatsun gini ka fara sayarwa?"

"Ai ita ce, Baba, amma mai ɓawo. Wani mai gidan abinci ya sa na kawo masa, da ya ga taurinta ya gudu. Babu mai iya fasa ta. Ni na gwada da guduma, ta yi tsalle ta fasa min gilashin agogon bango. Ga shi can."

Muka ɗaga kai. Agogon na nan da tsagarsa daga sha biyu har shida.

Baba ya ɗingisa zuwa wurin, ya sa hannu a buhun farko ya ɗebo. Ƙwallaye ne ruwan ƙasa, sumul, suna sheƙi kamar an shafa musu mai. Ya kai ɗaya kunne ya girgiza. Ya girgiza ta biyu, ya tsuke baki. Ya koma buhu na biyu ya yi haka, sai fuskarsa ta washe.

"Zo ki ji, uwar 'yan hanci. Me kika ji?"

"Ƙwas-ƙwas."

"To wannan ta bushe, ƙwayar ta saki ɓawo, in aka fasa za ta fito ɗungurungum. Waccan ta farkon shiru take, ɗanya ce, tana manne."

"A ina ka san wannan, kai da ko sunanta ba ka iya faɗa ba?"

"Ba itace ya haife ta ba? Duk abin da itace ya haifa, ni ne ungozomarsa."

Aka faɗi kuɗin kilo. Ƙonau ta ce kada mu yi saurin murna, ɓawon ya fi ƙwayar nauyi, sai an fasa kilo uku kafin a sami ɗaya. Ta ɗan motsa leɓɓa, sai idonta ya buɗe: ko da hakan, ba ta kai rabin kuɗin ɓararriya ba. Baba kuma ya ƙi barin maganar a nan.

"Ɗana, ni taimakonka na zo yi. In buhun nan ya ƙara wata guda a nan, tabarau ɗinka zai fasa."

"Baba, ai ka san ribar ba yawa."

"Ubanka bai taɓa ce min haka ba. Cewa yake, Kafinta ɗauki, ka sa albarka."

Mai sito ya ɗaga hannu biyu yana dariya, ya rage abin da ya rage, ya ɗora mana kilo bakwai na busasshiyar a mota da kansa.

Muka kama hanyar dawowa. Can Ƙonau ta ce, "Tsoho, in ba ta fasu ba fa? Jarina ke nan gaba ɗaya na zuba a duwatsu."

"In ba ta fasu ba, sai ki kai wa mai kofin haka. Duk wanda haƙorinsa ya karye ga asibiti nan kusa."

Muna isa shago ta ɗauki guduma, ta ajiye ƙwallo ɗaya kan teburin aiki ta maka mata. Gyaɗar ta yi fit ta wuce ta gefen kunnena, ta daki ƙofar ƙarfe, ta gangara titi. Ta biyu ta shige ƙarƙashin tarin katako. A ta uku ta haɗa duk ƙarfinta: ta fasu kam, amma ɓawo da ƙwaya suka zama abu ɗaya, kamar mota ta taka.

"Ma sha Allah," in ji Baba. "Da wuta kike ɓarna, yanzu kin ƙaro guduma. Ba ni wuri."

"Baba," na ce, "likita fa ya hana."

"Guduma ya hana. Ya ambaci abin huda katako? Kina wurin, ya ambata?"

Bai ambata ba, don haka na matsa na ba shi wuri. Ya zaɓo wani katako mai kauri da tauri, ya ɗaure shi a tebur, ya juya gyaɗa ɗaya a yatsunsa yana auna ta da ido. Rabon da in ga Baba tsaye a teburin nan shekara guda ke nan. Hannun da ke rawa in ya ɗauki kofin shayi, yana kama kayan aiki ya tsaya cak. Ya huda ramuka goma a jere, bai zarce ba, kowanne daidai yadda gyaɗa za ta zauna ciki, ɗan kanta kawai ya leƙo.

"Ga dabarar. Ramin zai riƙe ta ba za ta gudu ba. Guduma kuma tana fasa ɓawo za ta tarar da katako ta tsaya, ba za ta kai ga ƙwaya ba. Kin ga wannan ɗan layin a jikinta? Shi za ki juyo sama. Buga."

Ta buga. Ƙas! Ɓawo ya rabe biyu, ƙwaya ta fito fara tas, ko ƙwarzane babu. Ƙonau ta yi ihu ta ɗaga ta sama. Ta biyu ma haka. Ta uku guduma ta daki katako, gyaɗar ko gezau. Ta huɗu kuma ta niƙe.

Baba ya ɓata rai. "Hannunki ne ba shi da kai."

"Katakonka ne ba shi da lissafi. Duba, ba girmansu ɗaya ba. Ƙaramar ta nutse a rami guduma ba ta same ta ba, babbar ta yi tsayi da yawa. Ka yi wa kowa riga ɗaya kamar telan da ke fushi da unguwa."

Ya ɗauki biyun ya jera a tafin hannu ya daɗe yana kallo.

"Hm."

"Me ka ce? Ban ji ba."

"Na ce hm."

"Mama, ki shaida, yau Tsoho ya rasa bakin magana."

"Tari ne ya taso min. Miƙo min wancan katakon, marar kunya."

Ya huda layi uku, manya da matsakaita da ƙanana. Ita kuma ta zazzage buhun a ƙasa ta ce in zauna in ware su kashi uku. Haka na zama ma'aikaciyarsu ba tare da an tambaye ni ba: ni ina warewa, Baba na jerawa a ramuka yana juyo layin sama, Ƙonau na bi da guduma, ƙas, ƙas, ƙas. Cikin goma da ƙyar ɗaya ke fashewa, ita ma Baba ke jefa ta baki.

"Tsoho, jarina kake ci."

"Duba inganci nake yi. Ba a biyana, kuma ban yi ƙorafi ba."

"Wannan ta goma sha biyu ke nan da ka duba."

"Aikin ne da yawa. Kai, amma abin nan da daɗi! Kamar an daskarar da madara. Shekara tamanin ina duniya ana ɓoye min wannan?"

"Da ka kawo cefane da ka sani."

Kwana biyu muka yi muna wannan aikin, daga hantsi zuwa la'asar. Ranar Laraba ta gasa ƙwayar sama-sama har ta yi ruwan zuma, ta daddatsa, ta kwaɓa, gidana ya cika da ƙamshin da ya sa maƙwabciyata leƙowa sau biyu wai aron wuƙa. Babanta ma ya shigo kicin ya ɗauki ɗaya, ya fita, ya dawo ya ɗauki biyu.

Ranar Alhamis da safe muka biya ta wurin Baba da biskit ɗin a cikin kwalin taliya da ta samo a kantin unguwa. Ya leƙa mota ya ga kwalin, ya riƙe baki.

"A wannan za ki kai? Ki yi aikin sarauniya ki sa shi a kayan bola? Jira ni."

Ya shiga shago ya fito rungume da akwati na farin katako, mai hawa uku da ake zarowa, da murfi da maɗauki. An goge shi har yana ɗaukar ido. Ashe duk kwanakin nan, in mun tafi ba ya komawa benci.

Ƙonau ta shafa murfin, ta zaro hawa ɗaya ta mayar. Ta buɗe baki ta rufe.

"Yau kuma wa tari ya kama?" in ji shi.

"Ƙurar shagonka ce ta shiga min ido."

"To share, kada ki jiƙa min katako. Aro na ba ki, ki dawo min da abina."

Sai ranar Asabar da yamma muka koma. Yana kan bencinsa, amma tun daga nesa na ga ya miƙe zaune yana leƙen motar. Ƙonau ta fito hannu wofi, fuska a murtuke, ta zauna gefensa.

"To?" in ji shi.

"To me?"

"Kada ki sa hawan jinina ya tashi. Sun karɓa ko sun kira 'yan kwana-kwana?"

"Ɗari biyun sun ƙare tun jiya da azahar. Ta ce ɗari uku duk mako, daga Alhamis mai zuwa."

"Alhamdu lillahi!" Ya buga sandarsa a ƙasa. Sai kuma ya gyara fuska. "Wato dai mutanen garin nan ba su san abinci ba. To ina akwatina?"

"Nan ne matsalar. Ta ƙi ba ni. Ta ɗora shi kan kanta kusa da injin kofi, ta ce a ciki za a riƙa jera biskit ɗin, wai duk wanda ya shigo sai ya tambayi inda aka saye shi."

Baba ya jingina da bango, ya harɗe hannuwa, murmushi ya cika masa fuska.

"Na sani. Akwatin suka gani suka saya, biskit ɗin gyara ne."

"Tsoho, akwati ake taunawa?"

"Ido ke fara ci. Faɗi gaskiya, yarinya, uwarki na ji. Wa ya kai ki layin sito?"

"Kai."

"Wa ya ji ƙwas-ƙwas?"

"Kai. Amma wa ya hana ka sayen mai ɗaci?"

"Ba a tambaye ki wannan ba. Wa ya huda katako?"

Ta dube ni neman agaji, na ɗauke kai ina kallon titi. Sai ta fashe da dariya, ta zaro wata 'yar leda daga jaka ta ɗora masa a cinya. Guda shida ne, masu ɗumi, da ta gasa masa daban.

"Na yarda, ka ci. Na janye sakin."

Ya gutsiri ɗaya ya tauna a hankali, ido a lumshe.

"Gefen nan ya ɗan ƙone," in ji shi, ya tura sauran biyar ɗin cikin aljihu ya dafe da hannu.